Nababa da Damin Makullansa

Cikin cututtukan da ke kama ɗan Adam akwai wadda ba ta zuwa da zazzaɓi ko ciwon kai, sunanta na-sani. Mai ita, kafin ka kai ƙarshen magana ya riga ya ce maka ya sani. Ba ya tambaya. In ma wuya ta sa ya tambaya, rabin amsa yake ɗauka ya bar maka rabi. Wannan cuta ce ta kama Nababa direba na Mpape, ita ce kuma ta kayar da shi da rana tsaka a gaban mutane.

Kada a zalunce shi, Nababa ba mutumin banza ba ne. Ba ya cin amanar kaya, in ya ce zai zo bayan asuba to zai zo. Yana da wata tsohuwar jif, irin mai ja da ƙafa huɗu, wadda ta girmi babban ɗansa. A hannun wani ma'aikacin gwamnati da ya yi ritaya ya saye ta. Da damina, in ruwa ya zaizaye hanyoyin cikin lungu, babu motar da ke sauka ƙasan tudun unguwar ta hau da kaya sai ita. Tana da ƙaramar giya ta hawan dutse, wadda in ya saka, motar sai ta riƙa tafiyar hawainiya, amma ba rami ba dutse, babu abin da ke tsayar da ita. Bulo, siminti, jarkokin ruwa, kayan masu tashi daga gida, duk ita ce. Wannan ya sa kansa ya yi girma. Ba ya yarda kowa ya zauna a kujerarsa ta direba, ko da motar a kashe take. Yakan ce mota kamar doki ce, in hannu ya yi mata yawa sai ta lalace.

Tun farkon bazara jif ɗin ta fara wani hali. Sai ya murɗa makulli, fitilun gaban sitiyari su kawo, amma injin ya yi shiru. Sai ya murɗa sau uku, sau biyar, ya jijjiga makullin, sannan ta tashi. Da abin ya ishe shi ya kai ta Mararaba wurin Bartholomew, wani dattijo mai gyaran wayar mota da kowa ke kira Oga Bato. Bato bai taɓa sifana ba tukuna. Ya sa shi ya kunna fitila, ya danna ham, ya murɗa makulli yana kasa kunne. Sannan ya leƙa ciki ya ga abin da ke rataye a jikin sitiyari.

Dami ne na makullai, ya kai nauyin ƙaramar guduma. Na ɗakinsa, na ɗakin ajiyarsa, na wani shago da ya bari shekara goma da suka wuce, na kwaɗuna da ƙofofinsu ma babu su a duniya, ga abin yankan farce, ga ƙaramar tocila. Bato ya ɗaga damin a tafin hannu ya auna, ya ce wannan shi ne ciwon. Nauyin nan yana lilo a kan gargada shekara da shekaru, ya cinye cikin gidan makulli. Wutar da ya kamata ta tafi wurin kik, wato abin da ke juya injin ya tashi, ba ta fita kullum. Ya ce a canza gidan makullin, aikin awa ɗaya ne, kuma a raba makullin mota da 'yan'uwansa.

Nababa ya yi dariya. Ya ce shekara ashirin da biyu yana tuƙi bai taɓa jin makulli ya hana mota tashi ba. Ya ce kik ne, ya sani.

"To Alhaji," in ji Bato, ko da yake Nababa bai taɓa zuwa Makka ba, "tunda ka sani, me ka zo yi Mararaba? Yawon buɗe ido?"

Nababa ya ja motarsa ya tafi. Ya sayi sabon batir, halin bai canza ba. Ya je kasuwar kayan gyara ya sayo wani kik ɗin na hannu ya ɗaura da kansa, kwana huɗu ta yi lafiya, ran na biyar ta koma gidan jiya. Daga nan sai ya ɗauki al'adar shiga ƙarƙashin mota yana ƙwanƙwasa kik da sifanar taya. An bar jaki ana dukan taiki. In ya fito ya jijjiga makulli ta tashi, sai ya ce ka gani, duka take so.

Sai kuma Mpape ta ba shi wata dabara. Gari ne na tudu, ko'ina gangare. Ya daina tsayawa ko'ina sai inda hancin motar zai kalli ƙasa. Da yake birkin hannu ya daɗe da mutuwa, a cikin giya yake barin ta, ya sa dutse a taya. In zai tafi ya janye dutse, ya taka kuloci, ta gangara, ya saki, ta tashi. Masallaci, gidan mai, wurin mai shayi, duk ya san gangarensu. Har ya fara alfahari da cewa shi motarsa ba ta bukatar kik. Mutane suka saba, suna cewa jif ɗin Nababa ba ta sallah sai ta kalli kwari.

Ana nan sai aka zo aka shafa jan fenti a jikin gine-ginen wani layi da ke ƙasan tudu, aka ce za a rushe. A ƙarshen layin, can ƙasa, akwai shagon ɗinki na wata mata mai suna Clara, wadda ake kira Maman Marvel. Mijinta ya rasu, da keke take riƙe 'ya'ya uku. Kekunan ɗinki biyu gare ta na ƙafa, da wani babba mai lantarki wanda sai ƙarti huɗu ke ɗaga shi, ga kuma yadukan mutane, har da rigunan 'yan makaranta na aji biyu da aka ba ta. Ta samu wani shago a Karu, amma sai ƙarshen wata za a ba ta. Kowa ya ce masu jan fenti sukan yi wata uku ba su dawo ba. A sati na biyu suka dawo.

Ranar Talata da safe, ruwa ya kwana yana zuba, sai ga katafila a saman tudu. Wani mutum mai takarda a hannu ya sauko da ƙafa ya zagaya layin. Ya ce daga sama za su fara. Ya nuna gidaje biyun da ke bakin hanya, ya ce da zarar sun faɗi, ɓaraguzansu za su toshe hanyar, babu abin da zai ƙara hawa ko sauka da taya. Ya duba agogo ya ce suna da aiki a wancan gefen tukuna, zuwa sha biyu za su iso nan. Mai kaya ya kwashe kayansa.

Clara ta kira Nababa tana haki. Cikin rabin awa ya iso, wannan kam a ba shi. Hanyar siririya ce, ba wurin juyawa a ƙasa, saboda haka da baya ya sauko, a cikin ƙaramar giyar nan, a hankali, taya tana nutsewa a laka tana fita. Ya tsaya a gefen shagon. Hancin motar yana kallon sama. Bayanta kuwa, taku goma, shingen kwano ne, bayan shingen kwazazzabo ne mai zurfin bene, inda aka taɓa fasa dutse.

Clara ta san motar kamar yadda kowa ya san ta. Tun kafin ya buɗe ƙofa ta zo wurin taga.

"Oga Nababa, don Allah kar ka kashe shi. Bar shi yana aiki."

"Maman Marvel, ke za ki saya min mai?"

"Zan saya. Kar ka kashe shi kawai."

Ya bar ta tana aiki. Maƙwabta suka taru, aka fito da ƙananan kekunan, aka ɗora buhunan yadi. Babban keken ne ya ƙi fita. Da aka shigar da shi shekarun baya, ƙofar ba ta da ƙarfen da aka ƙara mata daga baya. Aka juya shi ta nan, aka juya ta can, aka ce a kwance tebur ɗin, aka shiga neman sifana mai lamba goma. Nababa yana tsaye yana jin injin yana shan mai a banza, abin yana sukarsa kamar ƙaya. Minti goma, minti ashirin. Ya zagaya, ya miƙa hannu ta taga, ya taɓa makulli, ya fasa. Da aka ce sai an cire ƙofar gaba ɗaya, ya shiga ya zauna, ya saka giyar baya kamar yadda ya saba, ya murɗe makulli. Shiru ya sauka a wurin. Clara ta ɗago kai daga bakin ƙofa ta kalle shi.

Ya ce mata ta kwantar da hankalinta, mota ta san mai ita.

Sha ɗaya saura kwata aka gama lodi, aka ɗaure da igiya. Nababa ya shiga, ya yi bismilla, ya taka kuloci, ya murɗa. Fitilu suka kawo. Shiru. Ya sake. Ya jijjiga damin makullai ya sake. Ya ɗaga damin sama da hannun hagu ya murɗa da dama. Ya tura makullin ciki, ya ja shi waje kaɗan. Babu ko tari. Daga can bayan tudu ana jin katafila tana gurnani, sai kuma ƙarar kwano yana lanƙwashewa.

Ya ɗauko sifanar taya ya shiga ƙasa ya ba kik kashi. Ya fito da laka a baya ya murɗa. Shiru. Ya koma ya ƙara masa. Wani mai sayar da gawayi ya ce a tura mana. Aka dubi hanyar, aka dubi motar da kaya a kai. Mutum takwas suka sa kafaɗa, Nababa ya cire giya, ƙafafunsu suna santsi a laka, motar ba ta motsa gaba ko taki ɗaya ba, sai ma ta zame baya har ta danne duwatsun da ke bayan taya. Mata suka yi salati, wasu suka kira Yesu. Nababa ya yi wuf ya mayar da giyar baya ya saki kuloci, ta tsaya cak. Gangaren da ya dogara da shi wata shida yana nan, amma a bayansa yake, kuma ƙarshensa rami ne. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Akwai wani mai suna Umar Farouk, ma'aikaci ne a wata ma'aikatar tarayya, yana haya a layin sama. Ranar bai je ofis ba saboda rusau. Shi ya ce a kira mai gyara. Nababa ya ce babu bukata. Clara ta ce in shi ba zai kira ba ya ba ta lambar. Sai ya ciro waya, ya juya baya, ya kira Mararaba.

Bato bai yi masa gori ba, ya dai ce a buɗe murya kowa ya ji. Ya bi abin daki-daki kamar yadda ya saba. A kunna manyan fitilu. An kunna. Suna da haske? Suna da shi. To a murɗa makulli a ga ko za su dushe. Umar Farouk ya tsaya a gaba yana kallo, ya ce ko ƙyaftawa ba su yi ba. A danna ham. Ham ya yi ƙara har kaji suka watse. Bato ya ce to batir ba shi da laifi, kawunansa ma a ɗaure suke, da a kwance suke da fitila ta faɗi. Ya ce wani ya sa kunne kusa da injin a murɗa, ko za a ji ƙas, ƙara ɗaya tak. Mai gawayi ya sunkuya. Babu ƙas. Ya ce a duba siririyar wayar da ke shiga ɗan gwangwanin da ke kan kik, ko ta zare, ko ta yi tsatsa. Nababa ya shiga ya taɓa, ya ce tana nan daram.

"To kik ɗinka bai ƙi aiki ba," in ji Bato. "Ba a aike shi ba ne. Ɗan aiken ya mutu a gidan makulli. Damin nan yana nan?"

Mai gawayi ya ce yana nan, har ya haihu.

Bato ya ce zai hau babur yanzu, amma sun san cunkoson hanyar Nyanya, ko da babur sai ya yi awa. Ya ce shawararsa, a sauke kayan matar nan a ɗauka a ka, a bar mota ya zo ya same ta. Nababa ya ce in aka toshe hanya motar ta zama ta kwari ke nan. Bato ya ce a je a roƙi mai takarda ya fara da wani gidan, mutum ne, zai ji. Nababa ya ce shi ba ya roƙo. Ya ce ai akwai yadda ake haɗa kik da sukudireba, ya taɓa gani a tasha.

Bato ya ce akwai, amma da sharaɗi uku, kuma a ji su duka. Na farko a cire giya a bar ta a sake, a girgiza sandar a tabbatar. Na biyu mutum ya zauna a kujerar direba ya danne birki da ƙafa, kada ya ɗaga ko me ya faru. Na uku a ƙara manyan duwatsu a tayoyin huɗu. Sannan a buɗe makulli, a haɗa babban ƙusan da wutar batir ke zuwa da ƙaramin da ke gefensa, taɓawa ɗaya.

"Na sani," in ji Nababa.

"Alhaji, ka maimaita min su."

Nababa ya kashe wayar.

A daidai lokacin katafila ta leƙo saman tudu. Ba a ga jikinta duka ba, sai hannunta da ya ɗago ya tsaya a kan rufin gidan farko. Sha ɗaya da rabi ta wuce. Umar Farouk ya haura da gudu wurin mai takarda. Daga ƙasa ana ganin su, shi yana nuna mota, mai takarda yana nuna agogo. Ya dawo yana haki ya ce an ba su minti ashirin, ba ƙari.

Clara ta tsaya ta dubi motar, ta dubi Nababa da ke tone akwatin kayan aiki yana neman sukudireba. Sai ta fara kwance igiya. Nababa ya ce me take yi, yanzun nan za ta tashi. Ta ce ta ji. Ya ce wannan cin fuska ne, shekara nawa yana ɗaukar kaya a unguwar nan bai taɓa barin na kowa a hanya ba.

"Oga Nababa, ka yi haƙuri," ta ce. "Na ce maka kar ka kashe, ka kashe. Yanzu ni ma ba zan ji naka ba. Keken nan shi ne baban yarana."

Matan layin suka ɗauki buhunan yadi a ka. Maza biyu-biyu suka kama ƙananan kekuna. Babban keken aka zura masa katako biyu, mutum shida suka saɓa, suna hawa suna zamewa, Clara tana biye da hannu a jikinsa kamar mai raka mara lafiya. Tebur ɗin yanka da benci da buhun ƙyallaye aka bari a motar, babu hannun ɗaukarsu.

Wurin ya rage daga Nababa sai Umar Farouk da mai gawayi. Umar Farouk ya ce bari ya shiga ya taka birkin kamar yadda mai gyara ya faɗa. Ya kama murfin ƙofa. Nababa ya riƙe hannunsa. Ya ce wannan ba irin motocinsu na 'yan ofis ba ce da ke canza giya da kanta, ƙafa uku gare ta a ƙasa, in ya rikice ya taka wani abin fa? Umar Farouk ya ce da mai kuloci ya koyi tuƙi. Nababa ya ce ko mahaifinsa bai taɓa zama a kujerar nan ba. Ya ce duwatsu sun isa. Mai gawayi ya mirgino wani ƙato ya ƙara a tayar baya, ya tambaya ko an cire giyar.

"Na cire tun ɗazu, kuna gani."

Gaskiya ya faɗa, ya cire ɗazu. Abin da ya fita daga kansa shi ne ya mayar da hannunsa sa'ad da motar ta zame. Hannu ne ya yi aikin da ya saba yi sau goma a rana, bai shawarci kai ba. Umar Farouk ya ce a leƙa a tabbatar, ba ya cin minti. A sama aka ji bangon farko ya faɗi, ƙasa ta girgiza, ƙura ta taso duk da laka. Nababa ya zura hannu ta taga ya buɗe makulli, idonsa yana kan tudu, bai ko kalli sandar giya ba. Ya kwanta a bayan tayar gaba, ya ja jiki ya shiga, ƙafafunsa a waje.

Taɓawar farko wuta ta yi tartsatsi, ya janye. Ta biyu ya danna da ƙarfi.

Kik ɗin da ya sha duka wata shida ba shi da laifin komai. Ya juya nan take. Motar ta yi tsalle baya, injin ya kama, ya tashi da ƙarfinsa kamar sabo. Da a babbar giya take, da duwatsun sun tare ta ta mutu. Amma a ƙaramar giyar hawan dutse take, wadda Nababa ke yabo cewa babu abin da ke tsayar da ita. Ta hau duwatsun ɗaya bayan ɗaya kamar matakala. Tayar gaba ta bi ta kan ƙaurinsa na dama. Ƙarar da ya yi har masu ɗauke da keke suka ji a tsakiyar tudu.

Umar Farouk ya bi ta ya kama ƙofa. Tafiya take a hankali, da ƙafa ma ana cim mata, da ya samu shiga da ya tsayar. Ƙofar ta ƙi buɗuwa. Hannun waje ya daɗe da lalacewa, ta ciki ake buɗewa, kuma Nababa kaɗai ya san yadda ake murɗa shi. Ya zura hannu ta taga yana laluben makulli, damin yana lilo yana dukan yatsunsa, ya kasa gane wanne ne a cikin ramin. Mai gawayi ya fizgo shi ta riga sa'ad da bayan motar ya taɓa shinge. Kwanon ya kwanta. Tayoyin baya suka shiga iska, hancin ya ɗaga sama, ta tsaya haka kamar mai tunani, sannan ta tafi. Aka ji faɗuwarta sau biyu. Injin ya ci gaba da aiki a can ƙasa na ɗan lokaci, tana kife, sannan ya yi shiru.

Mai takarda ya ɗaga hannu aka tsayar da katafila. A kan ƙofar shagon Clara da aka cire aka ɗora Nababa, mutanen da suka gama hawa da keke su suka sauko suka hau da shi. Bai suma ba. Yana ta tambaya ko motar ta tashi. Mai gawayi ya ce ta tashi, har ta wuce.

Suna isa bakin titi Bato yana sauka daga babur, da jakar kayan aiki a kafaɗa. Ya dubi ƙafar, ya dubi fuskokin mutane. Ya sa hannu aka shigar da shi motar Umar Farouk. Bayan sun tafi asibiti ya gangara ya tsaya a bakin kwazazzabon ya daɗe yana kallo. A aljihunsa akwai gidan makulli da ya tsaya ya saya a hanya, abu ne da bai cika tafin hannu ba. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Da la'asar aka rushe layin duka, hanyar ta toshe kamar yadda aka faɗa. Clara ta ajiye kekunanta uku a cocinsu har ƙarshen wata, ta koma Karu, ta kai rigunan 'yan makaranta a kan lokaci. Ta je asibiti sau biyu da abinci. Ba ta taɓa tayar da maganar ba, shi ma bai iya haɗa ido da ita ba.

Ga abin da na-sani ta ci wa Nababa. Jif ɗin tana kwari har yau, babu hanyar da motar ja za ta bi, masu gwangwan sun sauka da igiya sun kwashe abin da ke kwasuwa. Sabon batir ya fashe, kik ɗin da ya sayo ya tafi tare da tsohon da ke ajiye a ƙarƙashin kujera. Ƙauri ya karye gida biyu, wata huɗu yana kwance, ya tashi da ɗingishi, ƙafar ba ta iya danne birki. Masu bulo da masu siminti sun koma wurin wani mai tarakta. Tebur da bencin Maman Marvel shi ya sa kafinta ya yi mata wasu. Abu ɗaya aka hauro masa da shi daga ramin, mai gawayi ne ya kai masa har gado: damin makullai, goma sha bakwai, babu wanda ya ɓata.